Yadda Mutanenta Suka Kwantar da Ita

Fahad, ɗan ƙanena, shi ya ja na zauna rubuta wannan. Muna shan shayi a ƙofar shagon ubansa a unguwar Hindawiyya, nan Makka, sai ya miƙo mini waya, wai in ga wasu mutane kwance a ƙasa suna share ƙasusuwa da burushi. Ya ce, "Ya ammi, wannan ne shugul ɗin, aikin da ka yi shekara da shekaru? Wallahi sahal ne, ba wuya. Yi mini hanya mana, ni ma in je in kwanta a biya ni." Abokansa suka kwashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu, wanda sai ka tattara hankali kafin ka gane Hausarsa, ya tambaye ni ko na taɓa tono zinariya na zura a aljihu. Ban tanka ba, domin da na buɗe baki a lokacin da an ji mu har unguwar Tandabawi. Yanzu da na ɗan huce zan yi musu bayani, su da duk wani yaro mai ganin aikin nan kwanciya ce.

A maƙabarta na fara. Mahaifinmu ya shigo ƙasar nan ta Sudan, ya zauna a Tandabawi yana ƙaramin kasuwanci, da na tasa sai ya damƙa ni hannun Kawu Mamman, wanda ke haƙar kabari. Mu biyu ne a ƙarƙashinsa, ni da Hamidu, ɗan maƙwabcinmu. Kawu bai iya lallashi ba. In ka karkata bangon lahadu ko da faɗin yatsa ne sai ka cike ramin ka sake, ana rana ana zafi, ba ruwansa. A wurinsa na koyi cewa ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa yadda take. Launinta yakan canza, taushinta yakan canza, har ƙarar da diga ke yi a cikinta daban ce. A wurinsa kuma muka koyi kwantar da mamaci: a kan gefen dama, fuska alƙibla, a sassauta ƙullin likkafani, a tokare baya don kada ya kife. Hamidu ya fi ni iya wannan nesa ba kusa ba. Hannunsa na da taushi a kan gawa, har iyalan mamata sukan nemi shi ne zai shiga ramin.

Wani Basudane ne ya fitar da ni daga can. Malamin jami'a ne, kowa Duktur yake ce masa, dogo, siriri, mai yawan shiru. Yana neman mutanen da suka san ƙasa kuma ba sa firgita da ƙashi, zai tafi da su arewa, cikin harra, ƙasar baƙin dutse wadda ko takalmin taya sai ta cinye. A can akwai tulin duwatsu birjik a kan tuddai, Larabawan wurin suna ce musu rijim. Kowane ɗaya kabari ne na makiyayan da suka yi zamani tun kafin Musulunci, tun kafin a san rubutu a yankin.

Ranar farko na sauko daga mota da digata da sheburina ina taƙama. Duktur ya karɓe su ya mayar cikin mota. Ya ba ni cokalin magina wanda bakinsa ya cinye har ya koma kamar ganyen magarya, da burushin fenti, da tsinke da aka fere daga reshen dabino. Ya ce ƙarfe ba ya taɓa ƙashi, tsinken ne kaɗai ke da izini. Na yi tsammanin wasa yake yi. Rijim ɗaya muka yi makonni a kai. A ja zare a raba wurin gida-gida, a zana kowane dutse inda yake, a auna shi, sannan a ɗaga da hannu a kai gefe. Ƙasar da ta fito ba a zubarwa, sai ta bi ta rariya bokiti bayan bokiti, kana girgizawa ƙura na shiga haƙoranka, duk don kada ƙwayar dutsen wuya ɗaya ta tsere. Kwanciyar da kuke gani a waya kuwa, ku gwada ta. Ka kifa ciki a kan katako da aka gitta bisa rami, kanka a ƙasa, jini ya taru a fuskarka, ba halin ka dafa ko'ina domin duk inda ka dafa akwai abin da zai karye. Kunama ta fito ta gaban hancinka, ba ka da ikon zabura. Gwiwoyina da nake ja zuwa masallaci yau, can na baro su.

Dokar aikin ɗaya ce, sauran duk rassa ne: ba a ɗaga abu sai an zana shi an ɗauki hotonsa a inda yake. Magini in ya yi kuskure ya rushe ya sake, tela ya farke ɗinki ya mayar. Mu in ka ɗaga abu ya ɗagu har abada. Ƙashi a cikin kwali ƙashi ne kawai, kowa yana da irinsa a jikinsa. Abin da ake nema shi ne yadda aka ajiye shi, ina kai ya dosa, me ke kusa da hannu, me aka sa a ƙafa.

Na taɓa tambayar Duktur me ya sa sai kabari, ba mu da wani abin tonowa ne. Ya ce in tuna rugar Fulani. In sun tashi, damina ɗaya ta wuce, wa zai nuna maka inda suka zauna? Makiyayi ba ya barin bango, ba ya barin rumbu. Wuri ɗaya kaɗai yake tsayawa ya tara dutse a kan dutse, shi ne inda ya ajiye mutuminsa. Shi Duktur a ƙasar Rasha ya yi karatu, ya yi aiki a wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ciyawa can wajen garuruwan kakannin Buharawan da muke zaune da su a nan Makka. Ya ce makiyayan can na dā sukan tara tudun ƙasa a kan mamacinsu, su binne shi da dawakinsa, da sirdi da linzami, wani lokaci ƙanƙara ta riƙe kabarin har a tarar da bargon da aka shimfiɗa masa. Ya ce daga yadda aka jera dawakan nan aka gane wane ne babba a cikinsu, aka gane akwai mata masu hawa da harbi. Ba su bar littafi ba. Duk abin da aka sani game da su daga kwanciyar matattunsu aka karanto.

To ga wannan aikin wasu ke kirana mai tonon kabari. A unguwar nan an yi shekarun da in na miƙa hannu wasu sukan yi kamar ba su gani ba. Abin haushin, cikin masu kau da kan akwai waɗanda suka biyo ni har gida a ɓoye, da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe, wai in raka su harra mu raba abin da aka samu. Ni da nake cire dutse ɗaya-ɗaya da izinin hukuma ni ne mai laifi, su da suke farke rijim da ƙarfen rodi su watsar da ƙashin mutum kamar na rago su ne masu neman halaliya. Zinariyar ma babu ita. Mutanen nan dukiyarsu tana tafiya da ƙafa huɗu ne, abin da suka shiga ƙasa da shi bai wuce duwatsun wuya da ɗan wuƙar dutse ba. A banza ake wulaƙanta su.

Shekarar da ba na so in tuna ita ce shekarar hanya. Wani kamfani zai ratsa harra da kwalta, layin kuwa ya bi ta kan wani tudu mai rijim da yawa. Aka ba mu ɗan lokaci mu kwashe abin da za mu iya kafin katafila ta iso. Kuɗin aikin ya yi kaɗan, rabin ma'aikata ba su zo ba, Duktur ya ce in nemo mutum mai amana. Wa zan nemo in ba Hamidu ba? A mota tun daga unguwar Zahir har muka fita gari nake karanta masa dokar. Na ce, "Hamidu, can ba maƙabarta ba ce. Ko allura ka gani, kira ni. Kada ka taɓa." Ya ce, "Haba Isyaku, yau ka san ni? Halas, na ji."

Muka buɗe rijim na farko, ɓarayi sun riga mu. Na biyu haka, na uku haka. Wasu tun zamanin dā aka yashe su, wasu kuwa har da gwangwanin lemo a ciki. Kowace safiya muna jiyo gurnanin katafila yana ƙara matsowa, muhandis ɗin, wato injiniyan kamfanin, yana zuwa ya tsaya a kanmu yana duba agogo. Duktur ya rame, ya daina shan shayi da mu. Saura rijim ɗaya, ƙarami, a gefen tudu, wanda rairayi ya rufe rabinsa. Ina sa cokali a bakinsa na ji ƙasar a daskare, launinta ɗaya daga sama har ƙasa. Na ce wa Duktur wannan ba wanda ya shiga tun ranar da aka rufe shi.

Da muka ɗaga faifan dutsen da ke sama sai ga ɗan ɗaki, bai fi mutum ya zauna a tsugune ba, cike da lallausan rairayi. Muka yi ta bi a hankali har ƙoƙon kai ya leƙo, sannan ƙashin ƙugu. Duktur ya daɗe yana duban ƙugun, ya ce mace ce, kuma ba yarinya ba. A duk tudun nan ita kaɗai ta rage yadda mutanenta suka bar ta. In aka zana ta aka ɗauke ta a hoto, aikin shekarar ya yi riba ko da ba a samu komai ba bayanta. In ba a yi ba, an shafe mutanen tudun nan kaf, kamar ba a yi su ba.

A daidai nan fim ya ƙare mana. Lokacin ba a san waya mai hoto ba, kyamara ɗaya ce, mai ɗaukar hoton kuma ya ƙarar da fim ɗinsa a kan kaburburan da aka yashe. Ga takardar ƙarin wa'adi da sai Duktur ya je birni da kansa ya nema. Suka tafi su biyu ranar Laraba, za su dawo Asabar. Ya ce mini, "Ka ci gaba da buɗe ta, ba mu da lokacin jira. Ka fito da komai fili, kada ka motsa komai. Asabar da safe mu zana."

Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na kwanakin nan ba, kuma ba yabon kai ba ne. Da tsinke da burushi, wani wurin da hurawar baki. Tana kwance a kan gefen hagu, ta naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji kamar mai jin sanyi, fuskarta gabas. Hannu ɗaya a ƙarƙashin kumatu. Ɗayan a kan wasu ƙananan ƙasusuwa da na ɗauka na jariri ne har gabana ya faɗi, sai da kan ya fito na ga ɗan akuya ne. A wuyanta duwatsun ado jere, fari na ƙwanson teku, sai ja, sai fari, zaren ya ruɓe tuntuni amma kowace ƙwaya tana mazauninta. An barbaɗa jar ƙasa a ƙarƙashinta. Teku kuwa tafiyar kwanaki ce daga wurin. Duk wanda ya kwantar da matar nan ba da gaggawa ya yi ba. Ni mai haƙar kabari ne, na san aikin wanda ya damu da na wanda yake so ya gama ya tafi.

Hamidu yana kan rariya duk lokacin. Sau ɗaya ya leƙo, ya ja baya da sauri, ya ce, "Inna lillahi. A haka suka jefa baiwar Allah? A dunƙule, da dabba?" Na ce ba jefa ta aka yi ba, al'adarsu ce. Ya koma bakin aikinsa.

Ranar Juma'a direban wayit, tankar da ke kawo mana ruwa, ya ce zai sauke mu a ƙauye mu yi salla. Dole mutum ɗaya ya tsaya gadi saboda ɓarayi. Hamidu ya ce cikinsa na murɗa, mu je, shi zai zauna. Na rufe matar da tamfol, na danne da duwatsu, na tafi hankalina kwance.

Da muka dawo bayan la'asar na hango tamfol ɗin a ninke a gefe, ninki mai kyau. Na ruga. Ɗakin dutsen an share shi fes, ba jar ƙasa, ba komai. A tsakiya ga wani dogon ƙunshi cikin farin haramin Hamidu, wanda yake yawo da shi a jakarsa, an ɗaure kai da tsakiya da ƙafa. An miƙar da ita, an juya ta kudu, alƙibla. Har ruwa ya yayyafa. Ƙasusuwan ɗan akuyar ya kwashe su ya kai bayan tudu ya zubar.

Yana zaune a inuwar tanti, ya taso da kofin shayi a hannu, duwatsun wuyan ne a ciki. Ya ce, "Ga su, ƙirga. Wallahi ko ɗaya ban rage ba."

Na ce, "Hamidu, me ka yi?"

Ya ce, "Na suturta ta. Kwana biyu ban yi barci ba, Isyaku. 'Yar Adam ce fa. Ko ba ta yi zamani da Manzo ba, a bar ta a tsirara maza na tsaye a kanta, gobe a zo a ɗauke ta a hoto? In uwarka ce ka yarda?"

Na ce, "Ai an suturta ta! Waɗanda suka san sunanta sun suturta ta! Wa ya aike ka gyara?"

Ya ce, "Ba su san daidai ba ne. Mu da Allah Ya sanar da mu fa?"

Ban taɓa jin zuciyata ta tafasa irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai ta taso. Da ɓarawo ne da na san abin da zan yi da shi. Wannan kuwa mutum ne da muka ci a kwano ɗaya, ya yi ɓarnar da ta fi ta ɓarayi, da alwala, da bisimilla, yana jiran a gode masa. Garin gyaran gira ya cire ido. Na san tausayi ne ya sa shi, ban kuma ce tausayi laifi ba ne. Amma matar nan ta yi dubban shekaru a kwance yadda 'ya'yanta ko mijinta suka ga ya dace, iska ba ta motsa ta ba, ɓarayi ba su gan ta ba, sai ga mai kirki ya zo ya warware komai tsakanin azahar da la'asar.

Asabar da safe Duktur ya iso da fim da takardar wa'adi, yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Ya tsaya a bakin ramin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsuguna ya kwance ƙullin haramin, ya duba, ya mayar. Ya sa aka ɗauke ƙunshin a hankali aka kai tanti. Sannan ya ɗauko allon zanensa ya ce, "Isyaku, kai ka gan ta. Shiga ka kwanta yadda take. Ba zai zama hujja kamar hoto ba, amma ya fi babu."

Na cire takalma na shiga. Ni da furfura ta fara fito mini, na dunƙule a cikin kabarin wata, ma'aikata na tsaye suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Na kwanta a gefen hagu, na ja gwiwoyi, na juya fuska gabas. Duktur yana zanawa yana tambaya. Kan ya sunkuya ko ya miƙe? Ya ɗan sunkuya. Duwatsun fa? Fari, ja, fari. Ɗan akuyar? Nan, gaban ciki. Sai ya ce, "Wane hannu ne a ƙarƙashin kumatu, wanne ne a kan akuyar?"

Na sa hagu a kumatu, na ɗora dama a inda akuyar take. Na ji daidai ne. Sai wani abu ya ce mini a'a, ai daman ne ya gitto ta kan ƙirji ya shige ƙarƙashin fuska, hagun ne ya miƙe ta ƙasa ya tallafo akuyar. Na sauya. Shi ma na ji daidai ne. Na rufe ido na nemo ta. Ina ganin 'yan yatsun, ni na share su gaɓa-gaɓa da tsinke, ina ganin wata ƙwayar dutse da ta gangaro ta tsaya a tsakaninsu. Amma daga wace kafaɗa hannun ya taso, ya ɓace mini. Kwana biyu hancina na kusa da taɓa ƙashin, ban taɓa ja da baya na dube ta gaba ɗaya don in riƙe ba, domin na san Asabar za a ɗauki hoto.

Duktur ya ce, "Kada ka yi mini kintace. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya aika a kira Hamidu, tunda shi ya ɗaga ta da hannunsa. Ya zo ya tsaya nesa da ramin, idonsa ya yi ja. Duktur ya tambaye shi a hankali, ba zargi a muryarsa, wane hannu ya fara ɗauka daga ƙarƙashin fuskar. Hamidu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya Duktur, mace ce fa. Na kau da ido, da laluba na tattara ta."

Duktur ya ajiye fensir. Daga baya ya ce in fito. Hamidu ya bi wayit ya koma Makka a ranar, ba wanda ya kore shi. Mako bai zagayo ba katafila ta baje tudun.

Na ga zanen kafin Duktur ya naɗe shi. Ga kai, ga gwiwoyi a naɗe, ga duwatsun wuya, ga ɗan akuya a gaban ciki. Daga kafaɗu, inda hannuwa za su taso, ya bar takardar fara, domin shi ba ya zana abin da ba a tabbatar ba. Abin da duniya ta samu ke nan daga mutanen tudun nan duka: mace ɗaya, ba hannuwa.